Ƙarin Garanti A Kan Kayan Lantarki: Ko Ya Kamata Mutumin Potiskum Ya Biya?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba ya san cewa ba a ƙulla ciniki a can sai da wanda zai tsaya. Baƙon da ya taso daga Kudu da kuɗinsa bai san mai sa ba, mai san kuma bai san shi ba, amma dukansu biyu sun san dillali, sun kuma san inda yake kwana. Idan daga baya ta bayyana cewa dabbar ta sata ce, ko kuwa an ɓoye wani aibi nata, to, dillalin nan za a nema. Wani ɓangare na la'adar da yake karɓa kuɗin wannan tsayawa ne.

Wannan tsohuwar al'ada ita ya kamata magidanci ya tuna ran da ya tashi sayen firji, ko talabijin, ko injin wanki, ko dai don gidansa ko don jeren ɗiyarsa da za a aurar. Takardar nan da ake kira garanti ita ce dillalin kayan lantarki, kuma tambayar da za a yi mata ita ce wadda ake yi wa dillalin shanu: a kan me ka tsaya, kuma ina za a same ka idan ta ɓaci?

Garanti iri biyu ne. Akwai na kamfanin da ya ƙera kayan, wanda ke zuwa cikin kwali, kuɗinsa kuwa yana cikin kuɗin kayan, galibi kuma shekara ɗaya ne ko biyu. Sa'an nan akwai wanda ake kira ƙarin garanti, watau mai saye ya biya wasu kuɗi dabam domin a ci gaba da ɗaukar nauyin gyara na wasu shekaru bayan na kamfani ya ƙare. Mutumin Potiskum ya fi cin karo da wannan na biyu idan ya je manyan kantuna na birane kamar Kano da Abuja, ko kuwa idan ya yi sayayya ta intanet. A haƙiƙa inshora ce aka sa mata rigar garanti.

Abin Da Ya Faru A Ingila

Ƙasashen da suka riga Nijeriya sanin wannan ciniki sun daɗe suna jayayya a kansa. A Ingila, hukumar da ke binciken gasar kasuwanci ta fitar da rahoto a ƙarshen shekarar 2003, inda ta gano cewa manyan kantunan kayan lantarki sun kankane cinikin ƙarin garanti, suna tallata shi ga mutum a daidai lokacin da ya sa hannu aljihu zai biya, sa'ad da ba shi da halin kwatanta farashi da na wani wuri. Sakamakon haka aka kafa doka a 2005 wadda ta tilasta wa kantuna su rubuta kuɗin ƙarin garanti kusa da kuɗin kayan, su kuma bai wa mai saye kwana 45 ya fasa ya karɓi kuɗinsa cif. A Amurka ma, mujallar nan ta masu sayayya, Consumer Reports, ta shafe shekaru tana ba masu karatunta shawarar cewa a yawancin kaya ƙarin garanti bai cancanci kuɗinsa ba.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Masu aikin injiniya sun daɗe da lura cewa na'ura ta fi lalacewa a lokuta biyu: da farkon rayuwarta, idan ta fito masana'anta da aibi, da kuma ƙarshenta, idan ta tsufa. Na farko garantin kamfani ya rufe shi. Na ƙarshe kuwa babu mai yarda ya ɗauki nauyinsa. Ƙarin garanti yana tsayawa ne a tsakiya, watau shekarun da na'ura take da ƙuruciya da lafiya, kamar likitan da ya ce zai yi wa mutum magani kyauta amma daga shekara ashirin zuwa talatin kaɗai.

A ƙaddara, don misali, an sayar wa mutum goma firiza, kowannensu ya ƙara Naira 40,000 don garantin shekara biyu. An tara Naira 400,000 ke nan. Idan cikinsu mutum ɗaya ne tasa ta lalace a irin lalacewar da takarda ta yarda da ita, aka gyara a kan Naira 100,000, to, sauran kuɗin sun zama na kanti da kamfanin inshora. Ba sata ba ce, kasuwanci ne, amma ya kamata mai biya ya san ko wane gefe na lissafin yake.

Wutar Potiskum

To, wannan fa a ƙasashen da wutar lantarki ba ta ƙiftawa ke nan. A Potiskum maganar ta fi haka nauyi, domin abin da ya fi kashe kayan lantarki a garin ba aibin masana'anta ba ne, wutar ce kanta.

Kamfanin raba wuta na Yola shi ke da alhakin jihohin Adamawa, da Borno, da Taraba, da Yobe tun sa'ad da aka sayar da kamfanonin raba wuta a watan Nuwamba na 2013, ko da yake har yau jama'a NEPA suke cewa, sunan hukumar da aka kafa a 1972. Wutar kuwa sai ta yi doguwar tafiya daga tashoshin da ke samar da ita, ta biyo ta Gombe, kafin ta iso. An ƙera kayan gida ne su yi aiki da wuta mai ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka. A unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinsa, wutar kan zo da rauni, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyi da ƙyar.

Mutane da yawa suna zaton wuta mai rauni ba ta ɓarna, sai mai ƙarfi. Masu gyaran firji sun san ba haka ba ne. Kwamfiresa, watau injin nan baƙi da ke bayan firji wanda ke tura iskar gas, idan bai sami isasshiyar wuta ba yakan yi ta yunƙurin tashi yana kasawa, wayoyin cikinsa su ɗau zafi har su ƙone. Haka kuma idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, kafin iskar da ke cikin bututu ta lafa, injin zai tashi ne da kaya a ka. Shi ya sa ake son a dakata minti uku zuwa biyar kafin a sake kunna shi. Ƙara da tsawa a lokacin damina, da ƙaramin janareto wanda ƙarfinsa ke hawa yana sauka, sai a ga cewa firji a Potiskum kullum yana cikin yaƙi ne.

Nan ne gizo ke saƙar. Mai karatu ya ɗauko takardar garantin da ke cikin kwalin kayansa ya duba ƙananan rubutun ƙasa. A galibinsu zai tarar an rubuta cewa babu ruwan kamfani da ɓarnar da hawa da saukar wuta ya jawo, ko tsawa, ko ruwa, ko ɓera da kyankyaso, ko kuma idan wani mai gyara wanda ba nasu ba ya taɓa buɗe kayan. Ƙarin garanti ma yakan gaji waɗannan sharuɗɗa. Ashe ke nan dillalin ya tsaya a kan kome, ban da cutar da ke kashe shanun garin.

Akwai kuma wani abin lura. Garanti da kalanda yake tafiya, ba da awowin da na'ura ta yi aiki ba. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir kuma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Firji yana zaune ya zama kabad, amma kwanakin takarda suna ta tafiya.

Zafi ma yana da nasa rabo. A watan Afrilu zafin Potiskum yakan wuce digiri 40. A jikin kowane firji akwai ɗan allo da ke nuna irin yanayin da aka ƙera shi dominsa: mai alamar N iyakarsa digiri 32, mai ST digiri 38, mai T kuwa digiri 43. Da yawa daga cikin firjin da aka ƙera don gidajen Turai ba su kai ajin T ba, kuma irinsu ne ke zuwa a gwanjo, duk da cewa tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki suna cikin jerin kayan da Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da su. Duba wannan harafi ɗaya kafin a biya ya fi wata doguwar takarda amfani.

Ina Za A Same Shi?

Ko da lalacewar ta faɗo cikin abin da takarda ta yarda da shi, da sauran aiki. Manyan wuraren gyara na kamfanoni a manyan birane suke. Daga Potiskum zuwa Damaturu kimanin kilomita 100 ne, zuwa Kano kuwa kimanin 300. Idan takarda ba ta ce kamfani zai zo ya ɗauka ba, to, kuɗin mota zuwa da dawowa a wuyan mai kaya yake, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 wannan kuɗi ba abin rainawa ba ne. Garin da ya yi suna da manyan motocin dakon kaya bai rasa abin ɗaukar firiza ba, sai dai ba a ɗauka kyauta.

A yi tunanin matar da ke cikin gida tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, firizarta ta tsaya ana tsakiyar azumi cikin bazara. Kowace rana ta rasa ciniki. Ba za ta jira mako uku a dawo mata da kaya daga Kano ba. Mai gyaran bakin kasuwa za ta kira, ya zo da kwalbar gas da abin walda ya gama kafin la'asar. Da ya kwance ƙusa ta farko kuwa garanti ya tashi, na kamfani da na ƙari baki ɗaya.

Haƙƙin Da Ba A Biya

Abin takaici shi ne mutane suna biyan kuɗi don kariyar da ba ta da ƙarfi, alhali ba su san wadda doka ta ba su kyauta ba. Dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu sayayya. Sashe na 132 na dokar ya ba mai saye damar mayar da kayan da ba su da inganci cikin wata uku da karɓarsu, mai sayarwa kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun nan da wasu 'yan kasuwa ke bugawa a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su, ba ya soke wannan haƙƙi. Amma fa sai da rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar na'ura, abin da mutane da yawa ba sa damuwa su karɓa idan mai shagon ɗan unguwa ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga almajiran fiƙihu. Littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaure, kamar Risala, sun yi bayanin haƙƙin mai saye na mayar da abin da aka sami aibi a cikinsa. Game da ƙarin garanti kuwa malaman zamani sun saɓa: wasu suna ganin babu laifi idan an haɗa shi cikin cinikin kayan tun farko, amma idan an saye shi dabam daga baya suna ganin ya shiga hukuncin inshora saboda gararin da ke cikinsa.

Inda Ake Iya Cin Riba

Adalci shi ne a faɗi hujjar masu sayar da shi, domin suna da ita. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan Dala ɗaya har ta wuce 1,500 a cikin 2024, kayan gyara kuwa kusan duk daga waje ake kawo su. Wanda ya biya kuɗin gyara tun kafin farashi ya tashi ya ci riba, muddin kamfanin ya cika alkawari. Haka kuma sababbin na'urori suna da allon lantarki a cikinsu wanda mai gyaran gargajiya ba ya iya taɓawa, sai dai a canza shi ɗungum da tsada. Wasu kamfanoni irin su LG da Samsung suna tallata garantin shekara goma a kan kwamfiresar wasu firjinsu ba tare da ƙarin kuɗi ba, sai dai a lura cewa wannan alkawari a kan injin ne kaɗai, ba a kan firjin duka ba.

Saboda haka a kaya masu tsada ƙwarai, kamar babbar na'urar sanyaya ɗaki ko inbata da batiran sola waɗanda gidaje da shaguna ke komawa gare su, doguwar yarjejeniya tana iya zama da ma'ana, idan an rubuta a fili cewa ta haɗa da ɓarnar wuta, da kuɗin aiki, da ɗauko kayan daga gida, kuma wanda ya sa hannu yana da shago a gari wanda za a iya zuwa a yi masa sallama.

Ga firji da firiza da talabijin na gida kuwa, kuɗin ya fi amfani a wani wuri. Sitabilaiza mai kyau wadda ta fi ƙarfin na'urar, mai kuma dakatar da wuta na 'yan mintoci kafin ta saki, tana tare cutar da takarda ta ƙi ɗaukar nauyinta. Sai a sa mai aikin waya ya duba wayoyin gidan, a janye firji daga jikin bango don iska ta ratsa, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu daga bayansa, a kuma zare soket idan hadari ya haɗu. Abin da ya rage na kuɗin a ajiye shi, ko a zuba a adashi, don ranar da za a kira mai gyara.