Ɗakin Goggo ko Gidan Gwamnati

A Aujara, ranar da 'yan sanda suka tafi da mai gida, kafin a kira magariba an riga an san inda 'ya'yansa za su ci tuwon dare. Ba a yi taro ba, ba a cike takarda ba. Goggo ta aiko a kai mata ƙananan biyu, babban ya koma zauren baffansa, na goye kuwa yana bayan uwarsa. In yaran suka dame mutane da tambaya, sai a ce musu Baba ya tafi ci-rani. A Dutse kuma akwai ma'aikatar harkokin mata, akwai sashen walwalar jama'a a ƙaramar hukumar Jahun, akwai Dokar Kare Yara da gwamnan lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ya sa wa hannu a ƙarshen 2021. Yawancin masu rabon yaran nan ba su taɓa jin labarinta ba.

Da a ce kamen na kwana biyu ne, da babu abin tattaunawa. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya ko biyu, a bangon caji ofis ma an rubuta cewa beli kyauta ne. Amma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Mutumin da aka kwashe a rikicin gona da makiyaya lokacin kaka yana iya ganin damina biyu a tsare. Goggon da ta ce "a kawo su kafin ya dawo" ba ta yi lissafin haka ba.

Riƙon dangi yana da abin da gwamnati ba za ta iya saye da kuɗi ba. Yaro yana kwana kusa da fuskar da ya sani, yana zuwa makarantar allon da ya saba, sunan da kakarsa ta laƙaba masa shi ake kiransa da shi. Addini ma ya tsaya wa wannan tsari. A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalanmu ke bi, reno haƙƙin uwa ne, in ba ta nan sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani. Ke nan idan uwa ce aka kama, malamai sun daɗe da faɗin inda yaro zai nufa.

Sai dai akwai wani wuri a fiƙihun nan da ba a cika ambatawa ba. Ciyar da yaro wajibi ne a kan ubansa, kuma a wajen Malikawa wannan wajibcin ba ya tsallakawa zuwa kan baffa ko kawu. Abin da suke yi alheri ne da zumunci, alƙali ba zai tilasta su ba. Uban da abin ya rataya a wuyansa kuwa yana kurkuku, gonarsa ba a nome ba, awakinsa an kai kasuwa don biyan lauya. Muddin rumbu da sauran gero, ɗa na kowa ne. Ranar da aka fara auna tsaba da tunanin gobe, a ranar ake gane ɗan gida da ɗan riƙo. 'Yar riƙo ce ake fara ɗora wa farantin talla, ita ake fara ba dillaliya ta kai aikatau Kano. Namijin kuma a haɗa shi da malami a ce ya tafi neman karatu, alhali baki ɗaya ake so a rage. Ga gori, wanda ya fi yunwa ciwo: da ya yi faɗa da 'yan gidan, sai a tuna masa inda ubansa yake. Kuma babu mai leƙowa ya duba, domin wa zai shiga gidan mutum ya tambaye shi yadda yake riƙon ɗan ƙanensa?

Gwamnati ita ke da ikon leƙowar. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta lissafa yaron da iyayensa ke ɗaure cikin waɗanda jami'i zai iya kai maganarsu kotu don a sama musu kulawa. Abin da ke ba mutanenmu tsoro shi ne yadda shiga hannun hukuma ke da sauƙi, fita kuwa sai an sha wuya. Ranar 25 ga Disamba 2019 jami'ai suka shiga gidan marayu na Du Merci a Kano, suka kama mai gidan, Farfesa Solomon Tarfa, aka kwashe yaran zuwa gidan yara na gwamnati da ke Nassarawa. A watan Yuni 2021 kotu ta wanke shi daga tuhumar satar yara, amma fiye da shekara uku bayan kamen da yawan yaran suna can, ana ta kai-kawo a kan takardu. Shi ba mahaifinsu ba ne, kuma shari'ar tana da sarƙaƙiyarta, amma farfesa ne mai lauyoyi da masu yi masa magana har ƙasashen waje. Manomin Aujara da ya fito daga gidan yari da riga ɗaya, ina zai fara?

Inda hukuma ta fi nuna gazawa shi ne wajen mata. Ana barin jariri da uwarsa a gidan yari har ya kai wata 18, wato ya koyi rarrafe da tafiya a tsakar kurkuku. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ta ce a fara duba hukuncin da ba ɗauri ba ga mai ciki da mai goyo. Ƙa'idojin Bangkok na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010 sun ce a ba mace dama ta shirya wa 'ya'yanta wurin zama kafin a kulle ta. A Afirka ta Kudu, tun 2007 Kotun Tsarin Mulki ta ce dole alƙali ya binciki halin da yara za su shiga kafin ya ɗaure mai renonsu. A nan, sau nawa ake tambayar wadda aka kama, "Wa kika bari a gida?"

Duk da haka akwai inda ba zan yarda a bar wa dangi ba ko na dare ɗaya: idan an kama uba ne saboda abin da ya yi wa yaron, ko an kama matar uba saboda ƙuna da tabon bulala a jikin 'yar kishiya. A irin wannan, dangin da ke riƙon yaron su ne masu zarya wajen neman beli, su ne masu cewa a rufa asiri a bar magana a gida, kuma yaron shi ne shaida. Nan gara baƙon hannu.

In ban da wannan, ni dai ɗakin goggo nake zaɓa, kuma dokar 2003 ɗin ma ta yarda kotu ta damƙa yaro ga mutumin kirki ko danginsa ne. Abin da nake nema daga jami'ar walwala shi ne ta hau mota ta zo Aujara, ta rubuta sunan yaro da na mai riƙonsa, ta tabbatar ba a cire shi daga firamare ba, ta komo bayan wata uku ba tare da ta aiko tana tafe ba. Kuɗin ciyar da yaro ɗaya a gidan gwamnati, in aka mai da shi gero aka sauke a ƙofar goggo, farantin talla zai koma bayan ɗaki.

Kafin zuwan jami'ar, baffa ya ɗauki mutum biyu su je wajen mai unguwa, a rubuta wanda ya ɗauki wane, da tumaki nawa aka bari, da wanda zai noma gonar bana.