Auren Falo da Kotun Ingila Ba Ta Sani Ba

Ɗan uwanmu da karatu ko aikin jinya ya kai shi Ingila ya san ranar ƙarewar bizarsa kamar sunansa, amma tambaye shi ko hukuma ta san da aurensa, sai ya yi zuru. A kira liman falo, a miƙa sadaki, a shafa fatiha, a raba dabino, a watsa hotuna a WhatsApp, a watse. A Musulunci aure ya ɗauru, babu ja. Sai dai dokar aure ta 1949 da ke aiki a Ingila da Wales ba ta ganinsa, sai an kai sanarwa ofishin rajista tukuna, an kuma ɗaura shi a wurin da hukuma ta amince, kamar masallacin da ke da rajistar ɗaurin aure. Wanda aka ɗaura a Kano ko Zinder bisa ƙa'idar can, galibi ana karɓarsa. Matsalar tana ga wanda aka ɗaura a cikin Ingila.

A Fabrairun 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi hukunci kan wata mata da aka ɗaura mata aure a 1998 a wani gidan abinci a Southall. Shekara 18 tana zaman aure, 'ya'ya huɗu, amma kotu ta ce a idon doka ba a taɓa aurenta ba, ba ta da ikon neman rabon dukiya irin na matar aure. Haka idan miji ya rasu bai bar wasiyya ba, irin wannan mata ba ta cikin magada kai tsaye.

Wasu kan ce rajista abin Turawa ne, namu ya ishe mu. To, ina hujjar haramcinta? Addinin da ya yi umarni a rubuta bashi ba zai ƙyamaci takardar da za ta kare marainiyar wani ba. A faɗi gaskiya, mazan da ke ta cewa "sai an natsu" da yawansu tsoron raba gida da kuɗin fansho ne ke cinsu, waliyyai kuwa sun karɓi sadaki sun yi gum. Waliyyi ya tambayi liman kafin ranar: wurin nan yana da rajista? In babu, a fara da ofishin rajista, a kuma lura sanarwar tana ɗaukar aƙalla kwana 28. Sakin baki ko na saƙon waya da aka yi a Ingila shi ma ba ya warware auren da doka ta sani, sai kotu ta raba.