Yaran Harraniya da Hotunan da Suke Saƙawa

A ƙauyen Harraniya, kusa da dalar Giza ta Masar, akwai masaƙan da ba su taɓa zana hoto a takarda kafin su zauna gaban masaƙa ba. Dabino, agwagi, masunta a kogin Nilu, ranar kasuwa, duk daga ka suke fitowa su sauka cikin zaren ulu, layi bisa layi, har a samu dardumar da ake ratayewa a bango.

Ramses Wissa Wassef ne ya assasa cibiyar saƙar a farkon shekarun 1950, tare da matarsa Sophie. Shi mai zanen gine-gine ne, ya yi karatu a Faris, kuma ya yi imanin cewa kowane yaro da basirarsa ake haihuwarsa, manya ne ke dusashe ta. Sai ya tara 'ya'yan manoman ƙauyen ba tare da gwaji ko zaɓe ba, ya koya musu sarrafa zare, ya gindaya sharuɗɗa uku: ba zane kafin saƙa, ba kwaikwayon aikin wani, ba babban da zai tsoma baki da gyara ko suka.

Sharaɗin farko ya fi wuya. A manyan gidajen saƙa na Faransa, irin su Gobelins, mai zane ne ke tsara hoton, masaƙi ya bi shi sau da ƙafa. A Harraniya kuwa, mai tunanin shi ne mai saƙar. Babban aiki yakan ci watanni, wani ya haura shekara, kuma abin da aka gama naɗe shi ake yi a jikin sandar masaƙa, don haka dole masaƙi ya riƙe hoton duka a ransa. In wutsiyar raƙumi ta karkace, sai dai a san yadda za a yi da ita.

Launukan ma na halitta ne. Shuɗi daga baba yake, irin wanda marinan Ƙofar Mata suka sani. Ja daga saiwar wata shuka, rawaya daga wani tsiro da ake nomawa a lambun cibiyar.

Wissa Wassef ya rasu a 1974, 'ya'yansa mata, Suzanne da Yoanna, suka ci gaba da rainon sabbin masaƙa. Ɗakunan tubalin laka masu ƙubba da ya gina wa masaƙan sun ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1983, kuma wasu daga cikin yaran da suka fara saƙa a cikinsu sun tsufa suna yi.