Shekaru da Lafiyar Jiki a Ɗaukar Kuratan 'Yan Sanda

A zamanin En'e, ɗaukar ɗan doka a ƙasar Katsina bai dogara ga takarda sosai ba. Ana duban ƙirar saurayi da ƙarfinsa, a ji ta bakin hakimi ko dagaci game da asalinsa. Tun da aka narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya a zamanin mulkin Janar Gowon, sai ma'auni ya zama ɗaya, wato abin da ake nema ga ɗan Ikko shi ake nema ga ɗan Mazanya, can ƙasar Jibiya a bakin iyakar Nijar.

Bisa ga sanarwar ɗaukar kurata ta 2023, wajibi ne mai nema ya kasance haifaffen Nijeriya, mai shekara 18 zuwa 25. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.67, na mace kuwa mita 1.64, faɗin ƙirjin namiji kuma ya kai santimita 86 in ya cika shi da iska. Ba a ɗaukar mace mai juna biyu. Har ila yau akan tsame mai in'ina, da mai gwame, da mai raunin gani, da wanda ya rasa wata gaɓa. Dalilin wannan a fili yake, domin aiki ne na fareti da doguwar tsayuwa da riƙon bindiga. Amma batun tsawo abin dubawa ne, don kuwa gajarta ba ta hana mutum sanin daji ko binciken laifi.

Sharaɗin shekaru shi ya fi ɗaure kai. Ɗan sanda kan yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki, don haka wanda ya shiga yana da 25 zai iske iyakokin nan biyu a shekara guda. To, amma yaya ake tabbatar da shekarun? Tsawo da ƙirji dai ana auna su da tef a gaban kowa. Shekaru kuwa sai takarda, ga shi kuma yawancin haihuwa a ƙauyuka a ɗaki ake yin ta, ba a kai rahotonta ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Uwa takan tuna ta haihu da kaka ko da azumi, ba lalle ta riƙe shekarar ba. Daga baya sai a nufi kotu a yi takardar rantsuwa, kuma ta nan ne rage shekaru ke shigowa. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta rage wannan ɓarna, sai dai ita ma abin da mutum ya faɗa ranar rajista shi take riƙewa.

A bakin iyaka akwai ƙarin wata matsala. Dangi ɗaya ne tsakanin Jibiya da Ɗan Isa da Maraɗi, kuma ba abin mamaki ba ne mace ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Nijar. Ɗan da ta haifa can ɗan Nijeriya ne a tsarin mulki muddin ubansa ɗan ƙasa ne, amma sai ya kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma kafin a saurare shi. In kuma hare-haren 'yan bindiga sun katse masa karatu shekara biyu ko uku, kafin ya haɗa kiredit biyar ɗin da ake bukata, har da Ingilishi da lissafi, shekarunsa sun kusa ƙurewa.