Haƙoran roba: tun kafin a shafa gam ake sanin ko gyara zai ɗore

Haƙorin roba ya ɓalle ana tsakiyar cin tuwo ba ƙaramin ɓacin rai ba ne ga dattijon da ɗansa ya turo kuɗin yin sa daga Abijan ko Agadas, haka ma ga matashin da hatsarin kabu-kabu ya raba da haƙoran gaba. Galibi gam ake ɗora wa laifi. Amma masana kayan haƙori sun nuna cewa sau da yawa matsalar tana farawa ne tun kafin nan: ba a shirya fuskar robar ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya ga misalin. Ba ya shafa gam sai ya kankare tayar ta yi kaushi. A aikin haƙori, likita Michael Buonocore na birnin Rochester a Amurka ne ya buɗe wannan hanya a 1955, da ya gano cewa roba ta fi kama haƙori in an fara ɗiga masa asid ɗin fosforik, wanda ke buɗe ƙananan ramuka da ido ba ya gani.

Yawancin haƙoran da ake cirewa a mayar ana yin su da robar akirilik, wato PMMA, wadda ta shigo aikin haƙori a 1937. Ana goge ta ta yi sulɓi don kada ta riƙe abinci ko ta ji wa dasashi ciwo, sai dai sulɓin nan ne ke hana sabuwar roba kama tsohuwa. Shi ya sa ƙwararren mai gyara ke fara kankare bakin karayar, ko ya fesa mata garin alumina mai ƙwayar da ba ta wuce kashi 1 cikin 20 na milimita ba. Daga nan ya jiƙa wurin da ruwan da ake kwaɓa robar da shi na kusan minti 3, har fuskar ta ɗan yi laushi, sabuwa da tsohuwa su shige cikin juna. Ɗan ragowar kaki, maiƙon hannu ko yawu ya isa ya ɓata aikin.

Akwai wata roba mai suna PEEK, wadda kamfanin ICI na Ingila ya samar a 1978. Ba ta da nauyi, tana maye gurbin ƙarfe, amma launinta na toka ne, dole a liƙa mata farar roba a sama. Ita kuwa ba ta jin sinadari. A ɗakunan bincike har da asid ɗin salfurik mai ƙarfin kashi 98 cikin 100 ake cin fuskarta, abin da ba a kusantar da shi bakin mutum. Masu aiki sun fi dogara da feshin alumina, sannan su shafa sinadarin share fage irin visio.link na kamfanin bredent na Jamus. In feshin ya yi yawa kuma, fuskar ce ke lalacewa.

Wannan ne ya sa liƙa haƙoran roba da Super Glue a gida ke zama asara biyu. Gam ɗin na bushewa da kauri, ya karkatar da gutsattsarin, ya gurɓata bakin karayar, har sai an yanke wurin, wani lokaci ma a sake sabbi. Haƙorin da ke girgiɗi kuma ana iya haɗiye shi ko a shaƙe shi.

In sun karye, a tattara gutsattsarin a sa cikin ruwa mai tsabta, a kai wa likitan haƙori. Mai biyan kuɗi kuma yana da damar tambaya: da me za a shirya fuskar robar kafin a liƙa?