Layin Katsina–Gazawa–Damagaram: haɗin gwiwar kamfanonin wutar lantarki na Nijar da Nijeriya

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba yadda wutar lantarki ke ƙetaro iyaka zuwa Damagaram, sannan mu auna ƙarfin yarjejeniyar da ke riƙe da ita.

2. Asalin haɗin

An kafa kamfanin NIGELEC a 1968, kamfanin NEPA na Nijeriya kuwa a 1972. Layin farko mai ƙarfin kilobolt 132 ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai a 1976. Na biyu, wanda ya fara aiki a 1994, ya fito daga Katsina zuwa Gazawa, inda ya rabu biyu: reshe ɗaya Maraɗi, ɗaya Damagaram. Ba a haɗa shi da na Yamai ba. Ke nan ta fuskar wuta, Damagaram ta jingina da kudu, kamar yadda fataucinta ya jingina da Kano tun zamanin sarauta.

3. Yadda aikin ke gudana

Wutar da ke bin layi ba ta jira: abin da aka samar da abin da aka sha dole su daidaita a kowane lokaci, bugunta ya tsaya kusa da 50 a sakan. Saboda haka ma'aikatan NIGELEC da na TCN, magajin NEPA a fannin jigilar wuta, sai sun yi shawara kan yawan megawat da za a turo, da ranakun gyara, da yadda za a maido da layi in ya faɗi. Domin tsara irin wannan aiki ne CEDEAO ta kafa EEEOA a 1999, mai mazauni a Kwatano.

4. Iyakar haɗin

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta katse wutar a watan Agusta bisa takunkumin CEDEAO, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa. Sai a Maris 2024 aka maido da ita. Layin lafiya lau yake. Umurni ne ya kashe shi.

5. Kammalawa

Muna ganin yarjejeniyar kamfanoni ba ta wadatar ba, muddin babu sharaɗin da ya keɓe wuta daga takunkumi. Haka nan Damagaram na bukatar hanya ta biyu, walau tashoshin cikin gida, walau layin da zai haɗa ta da yammacin ƙasa.