Me ake yi idan girka manhaja ya katse?

A shekarar 2023 ne gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, domin horar da mutane miliyan 3 kan fasahar zamani, ciki har da rubuta manhajar kwamfuta.

To sai dai ga ɗalibin da ke gari irin Mai'adua, a kan iyakar jihar Katsina da Nijar, ɗaukewar wuta ko yankewar intanet kan katse girka manhajojin da zai yi karatu da su.

A tsarin Ubuntu, wanda ya fito a 2004, ana girka manhaja ta hanyar rubuta umarni. Umarnin apt ne ke sauko da ita, sannan dpkg ya daidaita ta.

Idan intanet ce ta yanke, maimaita umarnin ya wadatar, domin apt kan ajiye abin da ya riga ya sauko, kuɗin data bai salwanta ba.

Amma idan kwamfutar ta mutu ana cikin daidaitawa, za ta ƙi karɓar sabuwar manhaja har sai an rubuta sudo dpkg --configure -a, wanda ke kammala aikin da ya tsaya.

Galibi babu buƙatar goge kwamfutar a sake daga farko.